Tsakuwa a Matacin Baba

Ina zaro burodi daga tanderu Auta ta leƙo ta ƙofar baya. Da ganin idonta na san ba lafiya. Ba ta barin keken ɗinkinta da rana, kuma ba ta taɓa biyo ni wurin aiki ba.

Na ce wa abokin aikina ya duba min wutar. Na fita.

"Baba na nemanka," in ji ta. "Yau da yamma."

"To."

"To? Abin da za ka ce ke nan?"

Na kakkaɓe fulawar hannuna. Tun watan jiya babanta ya aiko a ce min kada in ƙara taka ƙofar gidansa. Bai faɗi dalili ba, ni kuma ban tambaya ba. Na ɗauka fuskata ce. Ya sha faɗa cewa bai yarda da mutumin da ba a taɓa ganin haƙoransa ba.

"Sai jiya na ji dalilin," ta ce. "Goggo ce. Ta ce ta gan ka a bayan gidan burodin nan kana birgima a ƙasa, ido ja, gumi sharkaf, kana watsa ƙwayoyi a baki. Ta ce kai ɗan ƙwaya ne."

"Ta gan ni. Na yi birgimar."

"Ai na sani! Amma su ba su san ciwo ba ne."

"Mai Kemis ya sani. Shi ya sayar min da maganin."

Ta yi wata dariya wadda ba ta daɗi ba.

"Baba ya tambaye shi. Ka san me ya ce? Wai ba a tona asirin mai sayen magani. Sai ya girgiza kai, ya yi ajiyar zuciya."

Mai Kemis ya daɗe yana son Auta. Yana da shago a bakin titi, da mota, da baki mai zaƙi. Goggo, ƙanwar babanta, ta riga ta ba shi ita a zuciyarta.

"Sai in faɗa musu gaskiya," na ce. "Tsakuwa ce a ƙoda."

"Kada ka ambaci ƙoda a gidanmu!"

Hawaye suka zubo mata. Ta juya wa titi baya don kada masu wucewa su gani.

"Ka manta Kawu? Umma ce ta yi jinyarsa, ita ke kai shi wankin ƙoda har Allah ya karɓi abinsa. Ko a rediyo aka ce ƙoda, kashewa take yi. Ta rantse ba za ta bar ɗiyarta ta ga abin da matar Kawu ta gani ba. Shi ya sa na ce ka ɓoye har tsakuwar ta fita. Ga inda ɓuyan ya kai mu."

"Ba laifinki ba ne."

"In ka yi shiru, Baba ya ce ɗan ƙwaya ne. In ka yi magana, Umma ta ce majinyaci ne. Baba ya ce yau zai yanke, kuma in ya yanke ya gama. Ni wallahi ban san me zan ce maka ba."

"Zan zo."

"Ka zo. Kuma don Allah ka yi murmushi ko sau ɗaya."

"Zan yi."

"Gwada in gani."

Na yaye baki.

Ta dube ni, ta share ido da gefen gyalenta. "A'a. Bar shi. Kada ka yi."

Ta tafi tana dariya da hawaye a haɗe.

Wanda bai yi ciwon nan ba, ba zai gane ba. Yana farawa a kwiɓi kamar an soka ƙusa, sai ya gangaro zuwa mara. Ba ka iya zama, ba ka iya kwanciya. Ya zo, ya lafa, ya dawo.

Likita ya yi min hoto ya ce ƙarama ce, za ta fita da kanta. Ya ce in yi ta shan ruwa har fitsarina ya yi fari, in matsa lemon tsami a ciki, in rage gishiri. Ya rubuta maganin ciwo da wani na buɗe hanya. In ya taso in ɗora ruwan ɗumi a bayana, in riƙa tattaki. In na ji zazzaɓi, ko amai ya ƙi tsayawa, ko fitsari ya ɗauke, in komo da gudu.

Sai abu na ƙarshe, mai ban kunya. Duk lokacin da zan kama ruwa in tace da mataci, don in ta fito a kai masa ya ga ko wace iri ce.

Na sayi matacin roba. Kullum yana aljihuna, a leda.

Da yammar da Baba ya kira ni na yi wanka, na sa rigar da Auta ta ɗinka min, na ɗauki gorar ruwana. Matacin kuwa na bar shi a aljihun wandon aiki.

Tun daga kwanar layinsu na hango tankar ruwan Baba a ƙofar gida, tana ɗiga ta baya, kaji suna sha. Shi ke kai wa rabin unguwa ruwa, kowa Mai Tanka yake ce masa. Kusa da ita kuma motar Mai Kemis ce, an wanke ta tas.

Na yi sallama.

Baba yana kan doguwar kujera, Umma a gefensa. Goggo ta kama kujerar da ke kallon ƙofa. Mai Kemis ya harɗe ƙafa, ga akwatin lemon kwalba da ya kawo a tsakiyar ɗaki. Auta ba ta nan, amma labulen kicin yana motsi ba iska.

Na gaida kowa. Baba ya nuna min kujera.

"Ɗan Burodi," ya ce, "ka san abin da ake faɗa a kanka?"

"Na ji, Baba."

"Gaskiya ne?"

"A'a."

Ya jira. Ni ma na jira.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, Baba."

"Ka gani ko, Yaya?" in ji Goggo. "Ko ƙaryar kirki bai iya ba."

Na ɗaga gorata na sha. Tun safe ciwon ya sauya. Ya bar kwiɓi, ya sauko ƙasa sosai, yana tsunkula.

"Me ke cikin gorar nan?" ta ce.

"Ruwa."

"Ruwa dai!"

Ta miƙe ta fizge ta, ta shinshina, ta miƙa wa Baba. Ya kurɓa, ya juya a baki kamar mai ɗanɗana miya.

"Ruwa ne," ya ce. "Na burtsatsen bayan kasuwa. An sa lemon tsami."

"Ai a ruwan suke narkar da ƙwayar," in ji Goggo. "Ko ba haka ba, Mai Kemis?"

Mai Kemis ya kalli silin. "Ni dai Goggo, aikina ya hana ni magana."

Ya girgiza kai.

A nan abin ya taso. Na gyara zama. Na sake gyarawa. Gumi ya fara bin bayana. Na miƙe tsaye.

"Zauna," in ji Baba.

Na zauna. Na miƙe.

"Yaro, ana maka magana kana safa da marwa?"

"Baba, bayi."

"Yanzu ka zo!"

"Baba. Bayi."

Umma ta nuna min hanya da hannu. Ita dai ba ta taɓa ƙina ba. Kallon tausayi ta yi min, irin wanda ake yi wa wanda ya lalace.

A lungun da ke tsakanin kicin da bayi na tarar da Auta. Na laluba aljihun dama. Na laluba na hagu.

"Na manta shi."

"Me?"

"Matacin."

"Innalillahi! To ka shiga haka nan mana."

"Ji nake yau ce. In ta wuce, ba shaida."

Ba ta tsaya tunani ba. Ta faɗa kicin, na ji ƙarar cokula, ta fito ta cusa min abu a hannu. Ban duba ba. Na shige na ja ƙofa.

Abin da ya faru a ciki ba na labari ba ne. Na dafa bango. Na kira sunan Allah. Na ji kamar an ja zare mai ƙaya, sai wata 'yar ƙara, ƙas, a kan ƙarfe.

Sai shiru.

Ciwon da ya yi makonni yana cina ya sake ni, kamar an sauke min buhun fulawa daga baya. Na ɗauraye matacin a famfo, na ɗaga shi wajen hasken taga.

Ga ta nan. Ruwan ƙasa, mai 'yan ƙayoyi. Ko ƙwayar shinkafa ba ta kai ba.

Wannan ce ta sa na yi birgima a ƙasa. Wannan ce ta raba ni da gidan nan.

Ban san lokacin da dariya ta ƙwace min ba. Na yi ta har na riƙe ciki, ni kaɗai, a bayin mutane.

"Kun ji ko?" Muryar Goggo ce daga falo. "Ta fara aiki!"

Daga nan sai muryar Baba, daga kicin, kamar aradu:

"Wa ya ɗauki matacina?"

Dariyar ta tsaya. Na dubi abin da ke hannuna. Ƙarfe ne, mai mariƙin katako da ya yi santsi don tsufa. Auta ta taɓa ba ni labarinsa. Baba ba ya yarda kowa ya haɗa masa shayi. In ransa ya ɓaci, da kansa yake shiga kicin ya dafa, ya tace da matacinsa da ke rataye a ƙusa. Ko Umma ba ta taɓa shi.

Na wanke hannu. Na fito.

Auta tana lungun, ta ɗora hannu biyu a ka.

"Na ɗauka namu ne," ta ce a hankali. "Wallahi na ɗauka namu ne. Ba ni in ɓoye."

"Ta fito."

Ta leƙa. Ta rufe baki.

"Zan faɗa musu," na ce.

"Umma fa?"

"Na gaji da ɓuya."

Na shiga falon da matacin a gabana, kamar mai kai kyauta. Baba ya dawo yana huci, butar shayi a hannunsa.

"Me matacina yake yi a wurinka?"

"Baba, ina da magana."

"Ikon Allah," in ji Goggo. "Ashe yana da ita."

Na yi maganar da ban taɓa yin mai tsawonta ba. Na ce ban taɓa shan ƙwayar maye ba, ko sigari ban sani ba. Na ce ranar da Goggo ta gan ni ciwo ne ya kayar da ni, kuma maganin likita nake haɗiya. Na ce ga abin da ke cina, yanzu ya fita.

"Tsakuwa ce," na ce. Na dubi Umma. "Daga ƙoda."

Umma ta dafe ƙirji.

"Ƙoda?"

"Umma, tsaya ki ji," in ji Auta daga bakin ƙofa.

"Kin sani? Kin sani kika ɓoye min?" Kuka ya ƙwace mata. "Ni na ɗauki ɗan'uwana a kafaɗata. Ni na ga yadda ya ƙare, mutum kamar bishiya ya koma kamar tsinke. Ki tambayi matarsa me ta ci a auren nan in ba hanyar asibiti ba. A'a. Ban haife ki don wannan ba."

"Ba iri ɗaya ba ne, Umma." Ita ma Auta kukan take yi. "Wallahi ba iri ɗaya ba ne."

"Haka aka ce mana da farko. Ƙaramin abu ne, a sha magani."

Na ajiye matacin a kan tebur. Na matsa gabanta, na zauna a ƙasa.

"Umma, an yi hoto, an gwada jini. Likita ya ce ƙodar lafiya lau. Amma kada ki yarda da ni."

Ta ɗago.

"Gobe zan kai masa tsakuwar. Ki raka ni. Ki tambaye shi duk abin da kike so da bakinki. In ya ce akwai matsala, ni da kaina zan janye."

"Ba za ka janye ba!" in ji Auta.

"Ke, rufe mana baki," in ji Baba.

Umma ta share hawaye.

"Miƙo ƙafarka."

Na miƙa. Ta ɗage bakin wandona, ta danna idon sawuna da babban yatsa, ta riƙe, ta saki. Ta zuba wa wurin ido. Daga baya Auta ta faɗa min haka take yi wa Kawu kowace safiya, in yatsan ya bar rami ta san ranar ba daɗi.

Bai bar rami ba.

Ta danna ɗayar. Ta ƙara dannawa da ƙarfi.

"Ƙashi ne zalla," ta ce, tana jan hanci. "Ba ka cin burodin da kake gasawa ne?"

Ta yi dariya. Auta ta faɗa jikinta.

Baba ya sa tabarau ya sunkuya kan matacin. Goggo ta leƙo ta bayansa.

"Wannan 'yar abar?" in ji ta. "A waje ya tsinto."

"Ta wace ƙofar?" Baba ya ce. "Bayin nan taga ɗaya gare shi, ko kyanwa ba ta wucewa." Ya juya. "Mai Kemis, maganin da kake sayar masa na wannan ne?"

Mai Kemis ya sauke ƙafa. "To, Baba, ka san asirin mai saye..."

"Girgiza kan ma yana cikin asirin?"

Mai Kemis ya gyara zama. Ya duba wayarsa, ya ce ana nemansa a shago.

"Ɗauki lemonka," in ji Baba. "Muna da mai tsakuwa a gida."

Ya sunkuci akwatin, kwalabe suna ƙara. Goggo ta ja gyalenta ta bi shi. A bakin ƙofa ta juyo.

"Yaya, maganar nan ba ta ƙare ba."

"Ki gaida gida," ya ce.

Ya dawo kaina. Fuskarsa ba ta saki ba tukuna.

"Me ke kawo ta?"

"Likita ya ce tawa rashin shan ruwa ne."

"Rashin me?"

"Shan ruwa, Baba."

Ya ajiye butar a hankali.

"Wa ke kai ruwa gidan burodinku?"

"Kai ne."

"Ni ne! Tanka guda nake juye muku, har tana ambaliya!"

"Wannan na kwaɓi ne."

"An rubuta a jikinsa?"

"Bayinmu yana can ƙarshen fili. In na sha ruwa sai na fita. In na fita burodi ya ƙone, abokin aikina ma da nasa aikin. Sai na daina sha, sai an tashi."

"Tun safe? A gaban wuta?"

"E."

Ya miƙe tsaye. Ya dubi Umma kamar ita ta yi laifin.

"Kin ji? Kin ji sakarci? Shekara da shekaru ina shayar da unguwar nan. Jariri ma ya san hon ɗina. Gobe a tashar tankoki a ce surukin Mai Tanka ƙishirwa ta kwantar da shi? Ina zan sa fuskata?"

Umma ta juyo ta dube shi.

"Me ka ce?" in ji Umma.

"Me na ce?"

"Surukin wa?"

"Ni ban ce komai ba." Ya cire tabarau ya sake mayarwa. "Magana ce ta zo da haka."

Auta ta ɓoye fuska a bayan Umma. Kafaɗunta suna rawa.

"Saurara, Ɗan Burodi," ya ce. "Gobe ku je asibitin, kai da ita. In ta dawo ta ce min ta gamsu, to. Daga nan kullum da safe zan tsaya a ƙofar gidan burodinku in danna hon. Ka fito ka shanye kofi babba a gabana. Zan yi wa maigidanku magana ya sa mai riƙe maka wuta in za ka fita. Da yamma ka zo nan, ka sha wani a gaban uwarta."

"Kullum, Baba?"

"Ka ƙi ne?"

"A'a."

Na ji bakina yana buɗewa da kansa. Ban hana shi ba.

"A'a'a," in ji Baba. "Ashe da haƙora."

Ya ɗauki butarsa, ya miƙa hannu zai ɗauki matacin. Hannun ya tsaya a iska.

"Tsaya. Ka ce yanzu ta fito."

"E, Baba."

"A bayi."

"E."

"To yaya aka yi ta shiga..."

Bai ƙarasa ba. Ya dubi matacin. Ya dube ni. Ya dubi Auta, ita kuma ta riga ta kai ƙofar kicin.

Umma ce ta fara. Ta yi dariya har ta zame daga kujera, tana cewa wayyo cikina. Ban taɓa jin dariya mai daɗinta ba.

"Matacin da na saya tun kafin a haife ki!" Baba yana faɗa wa labule. "Ko uwarki ba ta taɓa shi!"

"Zan sayo sabo, Baba," na ce.

"Mai mariƙin katako."

"To."

"Wannan kuma ka fita min da shi. Kada in ƙara ganinsa. Ko a gidanku na zo, ku ɓoye."

Umma ta naɗe min tsakuwar a 'yar leda, ta ce ita za ta riƙe, kada in je in manta kamar yadda na manta matacina.

Auta ta rako ni bakin ƙofa. A can kwanar layi motar Mai Kemis ba ta tafi ba. Goggo ta sunkuya a tagar, tana magana tana nuna gidan da yatsa.

"Ka gan su?" in ji Auta.

"Na gani."

"Ba ka tsoro?"

"Na haifi tsakuwa yau. Ba na tsoron Goggo."

Ta kalle ni. "Wasa ka yi yanzu?"

"Ina jin haka."

"Ka ji Baba ya ce gidanku? Ni da kai?"

"Na ji."

"To ka ce wani abu mana!"

Ina neman abin da zan ce, taga ta buɗe a bayanmu.

"Auta! Tsayuwar me kuke yi? Ki ba shi ruwa kafin ya tafi!"

Ta ruga ciki. Ta dawo da kofin Baba, babban, cike har baki. Na ɗaga ido, ga shi a taga ya naɗe hannu yana jira.

Na shanye tas. Na kifa kofin ya gani.